Baƙon da Ya Fi Ni Sanin Iskar Garinmu

Mutum na farko da na ba magani da kaina wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, daga Sule Tankarkar, gwiwoyinta sun kumbura. Na buɗe littafi, na nemo inda aka rubuta ciwon gwiwa, na zuba mata 'yan ƙwayoyi a takarda ina ta jin kaina likita. Maigidana da ke koya mini sana'ar yana zaune yana kallona, sai da ta kai bakin ƙofa sannan ya ce in kirawo ta. Ya sa ni na tambaye ta ko ciwon ya fi tashi in an yi ruwa ƙasa ta jiƙe, ko kuwa in rana ta buɗe. Ya sa na tambaya ko in ta miƙe ta fara tafiya gwiwar sakewa take yi ko ƙara ɗaurewa. Ta ce ai da damina ba ta da sukuni, amma in ta motsa takan ji dama-dama. Sai ya karɓe ƙunshin da na yi mata ya jefa a kwandon shara, ya ɗauko wata kwalba daban. Da ta tafi ya ce da ni gwiwa na ba magani, na manta da mai gwiwar, ya kuma sa ni wanke kwalabe har magariba.

Sana'ar sunanta homiyofati, amma a Gumel ba mai kiranta haka, sai dai a ce maganin 'yan ƙwayoyi. Ku da kuke zuwa yanzu kuna cewa in koya muku a wata biyu, abin da kuke gani ke nan, 'yan ƙwayoyin sukari farare da ake ɗiga wa ruwan magani a ba mutum ya tsotsa. Kun ɗauka in kun sayo kwalabe a Kano kun gama. Kayan aikin kam ba su da yawa: akwatin katako mai gida-gida da ke cin kwalabe kamar sittin, da littafi mai kauri na alamomin ciwo, da farar takarda ta ƙunshi. Ba a taɓa ƙwayoyin da yatsa, ba a ajiye su kusa da turare, kuma da bazara sai mu lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen buhu mu jingina shi da randa. Duk wannan ana koya a mako guda. Abin da ke cin shekaru shi ne tambaya, kuma babbar tambaya ita ce yadda jikin mutum yake da yanayi. Mutum biyu sukan zo da tari iri ɗaya, a ba su magani daban-daban, don ɗaya tarinsa da laima yake tashi, ɗaya kuma da zafin rana. Har laƙabi muka sa wa kwalaben don sunayensu na karya harshe. Akwai Mai Damina, akwai Mai Ƙishi ta wanda ba ya rabo da moɗa, akwai kuma Mai Rana ta ciwon kan da rana ke jawowa.

Maigidan namu wani Ba'indiye ne da ke koyar da kimiyya a makarantar sakandare, kowa Masta yake ce masa. Mu biyu ya koya wa, ni da Iliya, shekara uku muna zuwa gidansa bayan la'asar. Iliya Kirista ne daga duwatsun Filato, ma'aikacin ofishin gona, an ajiye shi a Gagarawa. Cikin ayyukansa har da duba ma'aunin ruwan sama, wata 'yar kwalba mai mazurari da aka kafa a fili, ya rubuta abin da ya sauka. Hausarsa ta can ce, muna tsokanarsa a kai, kuma zafinmu yana ba shi wuya, kullum da tawul a wuyansa yana share gumi. Ni kuwa haifaffen Gumel ne, ubana da kakana nan aka binne su. Duk inda aka zo maganar yanayi a darasi sai in gyara zama, don a ganina wannan fagen nawa ne. Me mutumin da ƙuraje ke feso wa duk bazara zai gaya mini game da iskar garinmu?

Da Masta ya koma ƙasarsu a farkon shekarun casa'in, sai kowa ya kama gabansa. Na buɗe shago a Gumel, ranar Alhamis kuma in ɗauki akwati in tafi kasuwar Maigatari in kafa rumfa kusa da kara, inda ake cinikin shanu. Iliya ya yi 'yar rumfa a bayan gidansa a Gagarawa, yana duba mutane in ya tashi daga aiki.

A nan na ci karo da abin da littafi bai faɗa ba. Littafin an rubuta shi ne don mutanen da in ka tambaye su za su amsa. Mutanenmu kuwa ka ce da dattijo, sanyi ya fi damunka ko zafi, sai ya ce alhamdulillahi, duk na Allah ne. Ka tambayi Bafulatani ko yana yawan jin ƙishirwa, sai ya sunkuyar da kai ya ce lafiya lau, ko da maƙogwaronsa ya bushe ƙamas, don a wajensu abin kunya ne namiji ya ce ƙishi ko sanyi ya dame shi. Ni kuma sai in rubuta cewa yanayi bai shafe shi ba, in zaɓi magani a kan haka. Laifina ban taɓa ganin abin a matsayin matsala ba, don ni ma da aka tambaye ni haka zan amsa.

Cikin shekara biyu sai na ga mutanena suna raguwa. Wani tela mai ciwon baya da na yi wata shida ina fama da shi, sai na gan shi a tasha zai hau motar Gagarawa, ya kawar da kai kamar bai gan ni ba. Bayansa wani malamin firamare. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne yayan matata, mutumin da nake ba magani kyauta, shi ma ya sulale ya tafi, ya dawo yana yabon Iliya a cikin zaurena, a kan tabarmata. Na yi dariyar yaƙe na ce ai ɗan'uwana ne, tare muka koya. A raina kuwa ƙyashi ne kawai, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Wata Asabar na shirya na tafi Gagarawa da sunan gaisuwa, alhali leƙen asiri ya kai ni. Iliya ya yi murna, ya ce in shiga rumfa in zauna yana zuwa, ya ɓace kusan minti goma. Rumfar ba wani tarkace a cikinta, ga tabarmi biyu, ɗaya a bakin ƙofa inda iska ke ratsawa, ɗaya can ƙurya inda ba ta kaiwa. Ga randa da moɗa a gefe, ga butar shayi a kan gawayi, ga wani tsohon bargo a ninke a kan benci. Na zauna a bakin ƙofa, na cire hula, na sha ruwa moɗa biyu. Da ya fito sai ya dube ni yana murmushi.

"Malam Habu, ashe kai ma zafi ba ya yi maka. Duk tsokanar da kake mini, na tabbata in bazara ta yi kanka yakan sara da yamma."

Haka ne kuwa, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Ya nuna mini wata kafa a jikin zana, ya ce ta nan yake tsayawa ya kalli inda mutum zai zauna, da abin da zai sha, da ko zai jawo bargon ya rufe ƙafa. Ya ce tun da ya lura mutanen nan ba sa faɗa da baki, sai ya bar jikinsu ya faɗa. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ɗauko littafinsa na ruwan sama, ga ranakun da aka yi ruwa a layi ɗaya, ga ranakun da ciwon mutanensa ya tashi a ɗaya layin. Ya nuna mini wani mai shayi a Gagarawa Tasha da fukarsa ke tashi kwana biyu kafin a yi ruwa, lokacin da hadari ke haɗuwa yana watsewa, in ruwan ya sauka kuma sai ƙirjinsa ya buɗe. Mutumin ya zo wurina a baya, na ba shi Mai Damina don ya ce mini da damina abin yake. Ashe ba laimar ce ke damunsa ba, cunkushewar iskar kafin ruwa ce. Na zauna ina gyaɗa kai. Shekara talatin da biyar ina shaƙar iskar nan, baƙo ya zo ya raba mini ita gida-gida.

Na dawo Gumel na shimfiɗa tabarmi biyu nima. Bai yi ba. Duk wanda ya shigo sai ya zauna a wadda ta fi kusa da kujerata, don girmamawa, in kuwa da dattijo a wurin kowa sai ya raɓe a bakin ƙofa ko da sanyi zai kashe shi. A wurin Iliya suna sakewa ne saboda shi baƙo ne, ba surukin kowa ba, ba wanda ya san ubansa. Ni kuwa kowa ya san ni, ba mai cire hula a shagona. Da na gaza sai na koma suka. Na riƙa cewa aikinsa wasan yara ne, in ce ma'aikacin gwamnati ne gobe za a ɗauke shi, wa zai ci gaba da duba ku? Na faɗi haka a majalisa ba sau ɗaya ba, kuma na san yana kai masa.

Mutum guda ya rage mini mai nauyi, Arɗo, shugaban Fulanin wasu rugage a bayan Ɗanzomo. Na taɓa duba shi a kan ciwon ƙugu, ko maganin ne ko kwanan ciwon ne ya ƙare, ya dai samu sauƙi, tun daga nan ya riƙe ni. In Arɗo ya ce wane ne likitansa, to duk rugagen can nan za su. Rumfata ta Maigatari da mutanensa take tsaye. Na sha gaya wa kaina cewa Iliya ya kwashe 'yan gari in ya ga dama, amma ranar da Arɗo ya taka Gagarawa, ranar zan kulle akwati in nemi wata sana'a.

Sai ga shekarar nan da sanƙarau ya ɓarke, a tsakiyar shekarun casa'in. Bazarar ta yi tsanani, da hantsi ƙasa ba ta takuwa, muna ta jin labarin mace-mace daga ƙauyuka. Wata Alhamis wajen azahar ina rumfata, sai ga Arɗo da mutum biyu sun riƙo babban ɗansa Buba, magidanci mai mata da ɗa guda, wanda ke riƙe da garken gidan. Suka kwantar da shi a tabarma. Arɗo ya zauna nesa ya juya masa baya, don Bafulatani ba ya nuna damuwa kan ɗan fari, ko sunansa ba ya kamawa. Ya ce wannan yaron ne yake cewa wai kansa. Na tambayi waɗanda suka kawo shi, suka ce shekaranjiya ya wuni a rana yana ɗebo wa shanu ruwa a rijiya, ba malafa, tun daga nan kai ya kama. Na lura yana rufe ido da hannu, ba ya son haske, jijiyar goshinsa tana harbawa, jikinsa rau da zafi. Na ji wani daɗi ya kama ni, Allah ya yafe mini. Ga shi yau ban tambayi mai ciwo komai ba, na karanta jikinsa kamar yadda Iliya ke yi, kuma komai ya nuna kwalba guda, Mai Rana.

Ina cikin ƙunsa maganin sai ga Iliya, ya zo kasuwa sayen akuya, ya biyo mu gaisa. Ya gaida Arɗo da ladabi, ya tsaya gefe. Aka miƙa wa Buba ƙwarya ya sha ruwa, sai ya kasa sunkuyar da kai, dole aka ɗaga masa ƙwaryar har bakinsa. Na gani da idona. Iliya ma ya gani. Ya taɓa kafaɗata ya ja ni bayan rumfa inda ba mai ji.

"Malam Habu, ka ga wuyan nan? Wannan ba na kwalabenmu ba ne. Ka tuna abin da Masta ya ce, zazzaɓi da wuyan da ya ƙi lanƙwasa, kar a buɗe akwati ma. A kai shi asibitin Gumel yanzu, akwai mota a tasha."

Na tuna sarai. Masta ya sha faɗa mana cewa akwai ciwon da ba namu ba, ya lissafa su, wannan ne na farko. Da ni kaɗai ne a rumfar, ina jin da na ɗan yi jinkiri in dawo hankalina in ce a tafi asibiti. Amma daga bakin Iliya maganar ta fito. Na hango Arɗo yana jin labari gobe cewa Kiristan nan na Gagarawa ne ya gano ciwon, likitansa yana tsaye bai gani ba. Na ce da Iliya na gode, na gani nima, ya tafi sayen akuyarsa zan yi wa Arɗo bayani da kaina, don ba zai ji daga bakin baƙo ba. A sana'armu ba a yin magana a kan mai ciwon wani, shi ya sa ya yarda ya tafi. Na koma rumfa na ba Arɗo ƙunshin Mai Rana, na ce a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa kai, in bai sauka ba zuwa jibi a dawo. A raina ina cewa ƙila dai ranar ce, ƙila gobe ya miƙe.

Washegari Juma'a da hantsi ina share ƙofar shago, sai ga a-kori-kura ta tsaya da ƙura. Buba yana kwance a baya ba ya gane kowa, Iliya yana riƙe da kansa. Arɗo ya sauko daga gaba, idonsa ya yi ja, abin da ban taɓa gani ba.

"Likita, saƙonka ya iso, ga mu mun taho yadda ka ce. Abokinka ya ce kai ka tashe shi tun asuba, ka ce kar mu jira jibi. Ka shigo mu je tare."

Na dubi Iliya, shi kuma ya sunkuya yana gyara wa Buba mayafi. Daga baya na ji yadda aka yi. Da yammar Alhamis ɗin Iliya ya tambayi direbobi a tashar Maigatari, suka ce Fulanin nan motar Ɗanzomo suka shiga, ba ta Gumel ba. Lokacin ana wahalar man fetur, babur ɗinsa ba mai, sai da gari ya waye ya samu galan a wajen 'yan bumburutu, ya yi ta tambaya har ya gano rugar. Ya san Arɗo ba zai karya maganar likitansa don maganar baƙo ba, sai ya ce ni na aiko shi.

Buba ya yi kusan mako uku a asibiti. Ya rayu, amma ya fito ba ya ji ko kaɗan, kunne biyu duk sun tafi. Na taɓa tambayar wata ma'aikaciyar jinya ko da an kawo shi ranar Alhamis da kunnen ya tsira. Ta ce Allah kaɗai ya sani, amma a ciwon nan kwana ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Ban sake tambayar kowa ba.

Arɗo bai bar ni ba, sai ma ƙara riƙe ni da ya yi. Labari ya bazu a rugage cewa likitan Gumel ya san iyakar maganinsa, ya tashi mutum da asuba don ya ceci ɗan Arɗo. Rumfata ta cika fiye da da, har wasu 'yan garin suka dawo. Iliya kuwa ya ƙara shekara uku a Gagarawa kafin a mayar da shi gida, muna haɗuwa muna gaisawa, bai taɓa ɗago maganar ba ko da da ido. Na so ya yi mini gori ko sau ɗaya in samu abin riƙewa in ji haushinsa da dalili, bai yi ba. Na yi ƙyashin basirarsa shekara da shekaru, amma ban taɓa jin ƙyashi irin na safiyar Juma'ar nan ba, da na ga mutum yana da abin da zai iya bayarwa haka ya juya baya, ni kuwa ko kwatarsa ba ni da ita.

To ku da kuke son sana'ar nan, ku koyi tambayar yanayi, ku koyi kallon inda mutum ke zama, duk zan nuna muku. Amma in kun zo Maigatari ranar Alhamis za ku ga wani dattijon Bafulatani mai furfura yana zuwa rumfata da ƙwaryar man shanu, duk kaka bai taɓa fashi ba. Buba ne. Da yake ba ya jin muryarsa, da ƙarfi yake magana, har 'yan kara sukan juyo. Yakan kama hannuna ya ɗaga, ya ce wa duk wanda ke wurin wannan ne ya ceci ransa. Na yi niyyar gaya masa gaskiya ba sau ɗaya ba, amma ba ya ji, ba ya karatu, sai dai in sa wani ya kwatanta masa da hannu a gaban mutane, ni kuma ban taɓa iyawa ba. Sai in gyaɗa kai in karɓi man.